Man Keken Ɗinki a Maƙogwaron Mota

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 4:15 na yamma

Mun dawo daga awo. Likita ya ce jinin Malama ya hau, ga ƙafafu sun kumbura. Saura mako shida a lissafi, amma shi ba ya jin cikin zai kai. Ya ce ta bar zuwa makaranta, ta kwanta a gida. Sai ya juyo kaina ya ce, "Maigida, da ta ce kanta na sarawa, ko tana gani dishi-dishi, kada ka tsaya neman takalmi. Ka kawo ta." Na ce to. Ita kuwa matar tawa dariya take yi, wai yau 'yan ajinta za su yi barci mai daɗi, sun rabu da ita.

Wannan littafin awon kaya ne, na juyo shi ta baya nake rubutu. Mutum ba zai zauna a shago yana faɗa wa masu kawo ɗinki tsoronsa ba.

A hanyar dawowa mota ta mutu mana sau biyu, ɗaya a danja, ɗaya a shataletale. Da na ɗage ƙafa daga totur sai ta yi rawa, ta yi tari, ta yi shiru. Na ga Malama ta dafa cikinta.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Gidanmu a ƙarshen gari yake, inda kwalta ta ƙare. Bara ba mu da mota. Ranar da abin ya faru da cikin Malama na bara mun jira ta haya awa ɗaya da rabi, ina tsaye a bakin titi da waya a hannu. Sauran ba zan rubuta ba. Saboda ranar nan na sayi wannan tsohuwar, na koyi tuƙi da furfura a gemuna, na ce ba za a sake ba. Yanzu ga ta tana neman ba ni kunya.

Daga ƙofar gida zuwa asibiti minti ashirin da biyar ne, in ba ta tsaya ba.

Talata, ƙarfe 2:00 na rana

Na kai ta gareji. Bakanike ya buɗe bonet, ya saurara, ya ce, "Oga, totul bodi ne ya yi datti." Na ce ya yi mini dalla-dalla, ni allura na sani. Ya ce maƙogwaron inji ke nan, ta nan yake shan iska. In baƙin datti ya taru a ciki sai silo ya ɓace, wato injin ba ya iya riƙe kansa da zarar an saki totur.

Ya ce, "Bar ta, jibi ka zo ka ɗauka." Na ƙirga motoci bakwai a gabana. Ni tela ne, na san abin da ake nufi da jibi, ni ma na sha faɗa wa mutane. Na ce masa motar nan ba za ta kwana a waje ba ko da dare ɗaya, na gaya masa dalili a taƙaice. Ya goge hannu. Sai ya shiga ciki ya fito da gwangwanin feshi da sukudireba, ya nuna mini baƙin tiyon da zan cire. Ya ce, "Wanda yake kwance keken ɗinki ya mayar, wannan ba za ta gagare shi ba. In ka maƙale ka kira ni."

Ban san shi ba sai da na sayi mota. Allah ya saka masa da alheri.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Malama ta ce, "Me ya sa ba za ka kira Baba ba?" Na ce kada a tayar da tsoho.

Mahaifinta shekara arba'in yana gyaran mota kafin idonsa ya yi rauni ya ajiye sifana, bana har motarsa ya sayar. Amma tun bara bai sake kallon idona ba. In na je gaishe shi, sai ya amsa yana duban tabarma. Shi ya ce kada mu tare a wannan unguwa mai nisa, ni kuma na ce a nan na samu fili. Na san abin da yake gani in ya tuna da ni. Ko da zan sayi motar ban nemi shawararsa ba, kunya ta hana.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Jininta ya ɗan sauka. Alhamdu lillahi.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Na yi.

Na jawo motar tsakar gida, daidai tagar ɗakinmu. Malama tana kwance a gado da waya a hannu, ta nemo bayanin yadda ake yi, tana karanto mini ta taga da muryar da take yi wa 'yan aji uku. "Na ɗaya, a cire kan batir." Na cire. "Ka cire, ko ka ce ka cire?" Na ce ta leƙo ta gani. Ta ce likita ya hana ta leƙe.

Na sassauta kilif ɗin da ya ɗaure tiyo, na zare shi. Ga abin nan a fili: bututun ƙarfe, a cikinsa wani ɗan faifai kamar marfin gwangwanin madara, shi ke buɗewa in an taka totur. Baƙi ƙirin, ga danƙo. Na shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa na jera kusoshi a kai bi da bi, yadda nake yi in na kwance keke. Na fesa maganin a jikin guntun yadin auduga, na goge, na canja wani, na goge. Ƙyalle shida na ɓata. Faifan ya fito fes, har ina ganin inuwar hancina a ciki. Ban taɓa bayansa ba, ina tsoron in tura shi ya karye.

Da na gama sai na ga abin ya bushe ƙayau, ga ƙarfe yana juyawa a kan ƙarfe. Shekara ashirin da biyu ban taɓa wanke inji na rufe shi ba tare da na ɗiga masa mai ba. Na shiga ɗaki na ɗauko 'yar butar man keke, na ɗiga a gefen nan, na ɗiga a wancan, na ƙara don alheri. Wannan ba ya cikin abin da Malama ta karanto, basirata ce.

Na mayar da komai, na murɗa makulli. Ta tashi, ta tsaya da ƙafarta. Na zagaya unguwa sau biyu, ina tsayawa haka kawai don in ji ko za ta mutu. Ba ta mutu ba. Da na dawo Malama ta ce, "Sannu injiniya." Raina ya yi fari, ba zan ɓoye ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 3:00 na rana

Awo lafiya. Mota lafiya. Na gode Allah.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 12:00 na rana

Wata mai kawo ɗinki ta tambaye ni ko na gama kayan jariri. Na ce mata zare ya ƙare mini, na fita waje. Na bara suna cikin akwati, ba wanda ya buɗe. Wannan karon ban yanka ko hannun riga ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Motar ta yi rawa kaɗan da na tayar da ita. Sanyin safiya ne.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Ta sake yi. Ban gaya wa Malama ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Motar ta mutu a tsakiyar shataletale, Malama tana ciki, muna hanyar awo. Na murɗa, ta tashi, na saki totur zan sa giya, ta sake mutuwa. Sau huɗu. Masu mota suna ta oda, wani ya leƙo ya ce in mayar da ita inda na tsinto ta. Wasu mutum uku masu sayar da kaya a bakin hanya suka taso suka tura mu gefe, ko sunansu ban tambaya ba. Minti goma sha takwas muka yi a wurin, na duba agogo.

Awo ne kawai yau. Abin da nake ta faɗa wa kaina ke nan, awo ne kawai.

Likita ya ce jinin ya koma sama. Ya ƙara magani, ya ce mu dawo ranar Alhamis.

A gida na ji ta tana waya a ɗaki: "Baba, don Allah gobe ka zo. A'a, ni lafiya lau. Motar ce." Da na shiga ta dube ni, tana jira in yi faɗa. Ban yi ba. Ba ni da bakin yi.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Baba ya iso da hantsi, mota biyu ya hau sannan ya ƙaraso da ƙafa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duban ƙasa kamar kullum. Ya shiga ya ga 'yarsa, ya fito ya ce a ba shi kujera kusa da mota. Hannunsa yana rawa yanzu, ba ya iya riƙe sukudireba. Ya ce, "Kai za ka yi. Buɗe."

Na cire kan batir, na zare tiyo. Abin da na bari fes kwana goma da suka wuce ya koma baƙi, ƙura ta manne a gefensa ta yi kauri. Baba ya miƙa hannu yana laluba, ya sa yatsa ciki, ya fito da shi ya murza, ya kai hanci. Ya daɗe yana shinshinawa.

Ya ce, "Wannan ba warin mota ba ne. Me ka sa mata?"

Na ce, "Mai ne kaɗan, Baba."

"Wane mai?"

"Na keke."

"Wane keke?"

"Na ɗinki."

Sai na ga kafaɗarsa tana motsi. Dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti, har ya cire tabarau yana goge ido. Daga taga Malama ta ce, "Me ya faru?" Ya ce, "Mijinki ya shayar da mota man allura. Saura ya sa mata zare." Ita ma ta kama, tana riƙe ciki tana cewa a bari, likita ya hana ta dariya. Ni ina tsaye da tiyo a hannu. Rabon da in ji dariyar mutanen nan biyu tare, tun kafin bara. Da na san haka ne, da tuni na zuba mata kwalba guda.

Da ya nutsu ya ce, "Nan wurin iska ne, Tela. Duk abin da ka jiƙa a hanyar iska, ƙura ka kira. A bushe ake barin sa." Sai ya tambaya ko na wanke bayan faifan. Na ce tsoro na ji. Ya kama hannuna ya ɗora a kan wani ɗan ƙarfe a gefe, inda wayar totur ta ɗaure, ya ce in juya a hankali. Faifan ya buɗe. Abin da na gani a baya ya isa a ce ban taɓa wanke komai ba. Zoben datti ne zagaye da bututun, daidai inda bakin faifan ke sauka. Ya ce wannan zoben shi ke shaƙe ta tun farko, man nawa ƙari ya yi.

Na sa tsohon burushin haƙori da ƙyalle. Yana zaune yana cewa, "Fesa a ƙyalle, ba a ciki ba. Akwai ɗan rami a gefen dama, ka same shi? Bi shi." Bayan kowane goge sai ya sa yatsa ya ji. Sau biyar yana cewa saura. Ni da nake mayar wa yara ɗinki in sun karkace layi, yau na ɗanɗana.

Muna jira ya bushe, Malama ta yi barci. Baba yana juya tabarau a hannu, sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ranar nan ka kira ni sau huɗu."

Na ce, "Baba, ya wuce."

"Motata tana ƙofar gida, da mai a ciki. Wayar tana aljihun rigar da na cire na rataye. Sai da la'asar na gani." Ya numfasa. "In na gan ka, kiran nan huɗu nake gani. Shi ya sa."

Shekara guda ina zaton ni yake tuhuma. Ashe kowannenmu nasa kayan yake ɗauke da shi, muna gaisawa muna duban ƙasa. Na ce, "Baba, ni na kawo ta nesa." Ya ce, "To, an yi. Mayar da tiyon, ka ɗaure kilif da kyau, kada ta sha iska ta gefe." Ya dube ni sosai lokacin da ya faɗa.

Na mayar da tiyo da kan batir, na murɗa makulli. Ta yi gardama, ta tashi da farin hayaƙi, sannan ta kama ihu kamar na danne totur, alhali ƙafata tana ƙasa. Baba ya tashi yana laluben gefen injin, yana cewa a ba shi sukudireba, akwai kusar da ake rage silo da ita. Ya nema, ya nema, babu. Ya ce, "A zamaninmu kafireta ce, kusa ɗaya za ka murɗa. Wannan ta kwamfuta ban san inda suka ɓoye ta ba." Ƙarar ta tayar da Malama. Ta ɗauko waya ta duba, ta ce, "Ku biyun ku cire hannu. An ce a bar ta minti goma, ta saba da shaƙa ne, sai ta koyi numfashi sabo." Muka tsaya kamar ɗalibai. A hankali ƙarar ta riƙa sauka, tana sauka, har ta zauna. Baba ya ɗora tafinsa a kan bonet ya rufe ido. Ya ce, "Yauwa."

Ya ce zai kwana biyu a ɗakin baƙi. Ban tambaye shi biyu nawa ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Asibiti da dawowa, ba ta yi ko tari ba. Na biya gareji na mayar da sukudireba. Na ba bakanike labarin man keke, ya kira yaransa duka su zo su ji. Ba komai, ni na jawo.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

Kowace safiya Baba yana sa ni in tayar da ita, ya saurara da kofin shayi a hannu, sannan in juya hancinta ya dubi ƙofa. Ya ce mota mai jiran tafiya ba a ajiye ta da baya.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Na rufe shago sai abin da hali ya yi. Masu kaya su yi haƙuri, jibi.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 5:45 na yamma, a barandar asibiti

Wajen sha ɗaya na safe ta kira ni, ba da Tela, sunan tsokana, ba. Ta ce, "Maigida, ba na ganin ƙofa sosai." Da silifa ɗaya na fita. Baba ya buɗe mana ƙofar gida, ya ce mu tafi, zai kulle ya biyo mu.

Danja ta kama mu. Ja. Na taka birki, na ɗage ƙafa daga totur, na riƙe numfashi. Injin yana ta yi shi kaɗai, a hankali, ba rawa. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba. A shataletale wata babbar mota ta tare hanya, na sake tsayawa. Ta riƙe. Malama tana baya tana salati ƙasa-ƙasa, ni ina ce mata mun kusa, mun kusa. Minti ashirin da uku.

Suka ɗora ta a gado mai taya, likita ya duba ya ce yanzu za a shiga da ita tiyata. Na sa hannu a takarda, ban san me na rubuta ba. Aka rufe ƙofa.

Ina zaune a benci, ban san tsawon lokacin ba, sai ga Baba yana tafe da bin bango. Ya zauna kusa da ni, ya buɗe tafina ya sa mini makulli. Ashe a kunne na bar motar a gefen ƙofar shiga, ko murfin ban rufe ba. Maigadi ya rufe murfin ya tsaya kusa da ita, ya ce shi ba ya taɓa makullin mutane. Baba ya ce, "Fiye da awa ɗaya tana silo ita kaɗai. Na tsaya na saurare ta kafin in kashe. Ko ni na yi aikin nan da hannuna, iyakarsa ke nan." Ya bar hannunsa a kan nawa.

A haka nas ta same mu. Ta ce, "Waye mijin malamar makaranta?" Muka miƙe mu biyu. Ta ce uwa tana lafiya, jinin ya fara sauka. Mace ce, ƙarama sosai, za ta kwana biyu a kwalba, amma ta yi kuka, har da faɗa.

Na ce ta maimaita na ƙarshen. Ta maimaita.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Na gan ta ta gilashi. Duk tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Asabar, 5 ga sabon wata, ƙarfe 1:00 na rana

An sallame mu. Baba ya riga mu tafiya gida tun safe don ya share tsakar gida, wai kada ƙura ta tarbi baƙuwa.

Na tuƙo a giya biyu tun daga ƙofar asibiti. Masu keke suna wuce mu, wani tsoho mai tura baro ma ya kusa. Ina kauce wa kowane rami, ina duba madubi fiye da hanya. Daga baya Malama ta ce, "Tela, taka mana. A wannan tafiyar kafin mu isa gida yarinyar ta yi wayo, sai dai mu sauke ta a makaranta."

Ban taka ba. Minti hamsin muka yi. Baba yana tsaye a ƙofa, ya buɗe ƙyaurenta duka biyun.

Mu uku muka shigo.